Ƙashin Kifi a Aljihun Ikrima

Na ga saƙonninku. Wata ta rubuto cewa girman kai ne zai sa in tsufa a ɗakin Inna. Wani kuma, wanda ko hotonsa bai iya sawa ba, ya ce boko ne ya lalata ni, in ba haka ba ina mace ina bin diddigin saurayi kamar 'yar sanda. Na gode muku duka. Amma ku gyara zama ku ji abin da ya faru ranar Asabar, wanda yake da sauran zagi sai ya ƙaro daga baya.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Ɗayyaba. Shekarata ashirin da shida, na gama poli a Birnin Kebbi, kuma a can nake aikin gwajin jini a wani asibitin kuɗi. Daga Litinin zuwa Juma'a ina gidan yayata, Juma'a da la'asar in hau mota in koma gida Argungu. Ni ce auta a cikin 'ya'ya huɗu na Alhaji Attahiru, wanda duk unguwa ke kira Kyaftin. Mu huɗun kuwa duk mata ne, kuma daga nan wahalata ta faro.

Baba yana cikin mutum goma sha biyun da suka kafa kulob ɗin ƙwallon unguwarmu, Giwan Ruwa, tun kafin ya auri Inna. Shekara goma sha huɗu yana tsare musu gida. Katinsa lamba uku ne, yana cikin wata tsohuwar jakar fata tare da takardun gida, kuma na rantse ya fi lallaɓa katin a kan takardun. A kulob ɗin akwai al'ada. Ranar sunan ɗan duk wani mai kati, bayan an yanka rago an raba goro, sai shugabanni su shigo da babban littafin rajista da wata 'yar koriyar riga wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba. A zura wa jariri, a rubuta sunansa a shafin ubansa, a yi tafi uku. Daga ranar yaron ya zama ɗan Giwan Ruwa har ya koma ga Allah. Mace ba a rubuta ta. In mutum ya rasu bai bar namiji ba, sai a ja layi a shafinsa a ce an rufe lamba. Mafita ɗaya ce: jika namiji ta wajen 'ya mace, amma sai in uban yaron shi ma mai kati ne.

Mijin babbar yayata ya ce ƙwallo ɓata lokaci ne. Ta biyu ta haifi uku, duk mata. Mijin ta uku ba ya kallon wasa sai na Turai, ya ce ba zai sa wa ɗansa rigar 'yan unguwa ba. Shafi na uku yana nan fari fes, sunan Baba kaɗai a sama. Saura ni.

Shekara bakwai ke nan duk wanda ya yi sallama da ni, kafin a tambaye shi sana'arsa sai an tambaye shi kulob ɗinsa. Mutum biyu sun tafi a kan haka, ɗaya na yi kukansa har na rame. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba. Na jure, ina wanke rigunan 'yan wasa ranar Lahadi kamar yadda na saba tun ina firamare, ina jin maƙwabta suna cewa ruwan ido ne da ni.

Sai ga Ikrima.

Ya zo asibitinmu gwajin zazzaɓi, ya dawo karɓar sakamako, ya sake dawowa ba tare da wani dalili ba. Dogo ne, baƙi, mai sanyin murya, yana sayar da kayan sola a Birnin Kebbi. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so shi tun kafin in yarda na so shi. Ranar da ya zo gaida Baba ina laɓe a bayan labulen zaure, zuciyata kamar ta faɗo. Baba ya yi tambayar da ya saba. Ikrima bai ko numfasa ba ya ce, “Giwan Ruwa, Baba. A nan Argungu na yi sakandare, tun lokacin nake bin ta.” Cikin sati biyu an yanka masa kati, lamba ɗari huɗu da goma sha biyu. Cikin wata uku an ce Juma'ar nan mai zuwa magabatansa za su kawo sadaki a sa rana.

To ina matsalar, za ku ce. Matsalar ita ce komai ya yi daidai fiye da kima.

Ikrima ya san shekarar da muka ci kowane kofi, amma yana faɗa ne kamar mai amsa jarrabawa. Filinmu duk ɗan unguwa Fadama yake ce masa, shi kuwa sai ya ce filin wasa na Giwan Ruwa, kamar mai karanta labarai a rediyo. Ban taɓa jin ya zagi alƙalin wasa ba, ko sau ɗaya. In muka ci ƙwallo yana tashi ya yi ihu, amma sai bayan kowa ya riga shi tashi. Sannan a Gwadangaji yake zaune, unguwar Damisa, manyan abokan gabarmu masu jar riga, inda ko keke napep sai ka ga jan ƙyalle a madubinsa. In na tambaye shi mahaifinsa sai ya ce, “Malam Usmanu? Tsoho ne, noman shinkafarsa yake yi a Zauro, ba ruwansa da kowa.” Abin da ya fi tsaya min kuwa, Baba da ya kwashe wata uku yana binciken asalin mijin yayata, na Ikrima kwana biyu ya yi ya dawo ya ce ba wani aibu.

Na taɓa gwada faɗa wa Inna. Tana zaune a tsakar gida tana jera atamfofin da ta fara tara min, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

“Ke wai mi kike nema, Ɗayyaba? Yaro da sana'a tai, da salla tai, da katinai. Ubanki rabon da shi yi dariya irin wagga tun kina goye.”

“Inna, ni dai jikina ne bai ba ni ba.”

“Jikinki? To ki kai shi wurin aikinku a gwada. Ni kam na gaji da amsa tambayar mutane a gidan biki.”

Na tashi na bar ta da atamfofinta. Amma hakan ba yarda ba ne, waɗanda suka daɗe suna karanta ni sun sani.

Asabar ɗin nan Damisa za su zo Fadama. Akwai wata doka tamu da ba a rubuta a ko'ina ba, a ɗakin girkin uwarka kake koyonta: ranar wasa ɗan Giwan Ruwa ba ya cin kifin giwan ruwa. Mutum ba ya cinye kansa kafin ya shiga fili. Su kuwa 'yan Damisa, ranar da za su kara da mu da gangan suke dafa shi. Su cinye kan, su tsotse wani faffaɗan ƙashi da ke gefen kumatun kifin, su zuba a aljihu su zo da shi fili. In suka ci mu sai su riƙa ƙwanƙwasa shi a jikin ƙarfen shinge, ƙwas ƙwas ƙwas, har sai kanka ya yi ciwo. Tun ina yarinya na tsani ƙarar nan.

Ranar Alhamis na tura masa saƙo.

“Asabar ka fara biyowa ta gidan Gwaggo Laure da azahar. Ni zan yi girki.”

“Gimbiyar lamba uku da kanta? Me za a dafa min?”

“Abin da ya dace da kai.”

Ya turo fuskar dariya guda uku. Na ajiye wayar.

Gwaggo Laure yayar Baba ce, gidanta yana jingine da katangar Fadama. Daga matakalar benenta na kalli kusan duk wasan da aka buga tun ina shekara shida, tunda mu mata ba ma shiga fili. Ita ƙwallo bai taɓa damunta ba, ta ce manya ne da gajeren wando suna bin abin da ba a ci. Asabar da sassafe na je bakin kasuwa na sayi kan giwan ruwa guda da tsoka uku, na naɗe a baƙar leda biyu, na sa a ƙasan kwando na rufe da alayyafo. Mai kifin ya san ko 'yar wa ce ni, ya bi ni da kallo har na sha kwana.

Gwaggo na buɗe ledar ta riƙe haɓa.

“La'ilaha! Yau? In ubanki ya ji, ni da ke duka sai mun bar garin ga.”

“Ba zai ji ba, Gwaggo. Gwaji zan yi.”

“Gwajin jini bai ishe ki ba sai kin haɗa da na mutane?” Ta leƙa ledar ta sake leƙawa. “To ki sa citta da yawa. In ya ƙi ci, ni ba ni da kati.”

Na yi farfesu da attarugu da citta da kanumfari da ɗan daddawa, na dafa farar shinkafa 'yar Zauro, na yi zoɓo na sa a firji. Sannan na yi wanka na sa doguwar riga ruwan toka mai ɗinkin zare a wuya, na yafa farin mayafi. Da gangan na ƙi sa kore, na ƙi sa ja. Na sa kwalli sosai don ina so idona ya yi kaifi.

Ya iso bayan an sauko daga sallar azahar, da koriyar rigar kulob a kan wandon shadda, sabuwa ƙal har da layin guga. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ya ajiye mata ledar lemo. Na shimfiɗa darduma a falo na jera kwanuka, na zauna daga gefe inda zan ga fuskarsa da kyau, na buɗe murfin.

Ƙamshi ya tashi. Ya leƙa kwanon, ya ɗago ya dube ni, ya yi murmushi.

“Haba Ɗayyaba. Giwan ruwa ranar wasa? So kike Baba ya karɓe katina tun ban fara mora ba?”

Wallahi sai da na ji kunya ta rufe ni daga kai har ƙafa. Ya sani. Ya ture kwanon a hankali, ya ja shinkafa ya ce ko manja da yaji aka ba shi ya gode. Gwaggo ta watso min harara irin ta kin gani ko, ta jawo kwanon gabanta ta naɗe hannun riga.

“Ku ku ji da dokarku. Ni bari in taimaki wanga bawan Allah kar shi yi asarar mutuwa tai.”

Ta hau kan kifin nan da hannu biyu. Ikrima yana cin shinkafa da miyar jiya da na ɗumama masa, yana ba ta labarin wani mai kanti da ya sayi farantin sola ya kafa shi a cikin ɗaki don kada rana ta lalata shi. Gwaggo ta yi dariya har ta ƙware. Ni ma na yi. Na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, har na fara tsara yadda zan ba ku haƙuri a nan, in ce kun yi gaskiya, zargi ne kawai irin nawa. Gwaggo ta tsotse ƙasusuwa tas tana jefawa a gefen tire.

Wayarsa ta yi ƙara. Baba ne, wai ya yi maza ya zo, ya riga ya tanadar masa kujera a kusa da shi. Ikrima ya miƙe yana amsawa, “To Baba, ga ni nan Baba,” waya a kunnen dama. Hannunsa na hagu kuwa ya sauka a kan tiren. Ina kallo. Yatsunsa suka tsallake ƙananan ƙayoyi suka ɗauki faffaɗan ƙashin nan, babban yatsa ya share shi sau ɗaya, ya zura shi a aljihun wando. Ko kallon hannun bai yi ba. Ya gama waya, ya yi wa Gwaggo godiya, ya nufi ƙofa.

Kansa ya haddace dokarmu. Hannunsa kuwa a wani gidan aka raine shi.

Na bi shi zaure. Yana sa takalmi na tsaya a bakin ƙofa na tare hanya.

“Ikrima, mene ne a aljihunka?”

“Makullin mashin.”

“Ɗaya aljihun.”

Ya sa hannu yana dariya. Na ga lokacin da yatsunsa suka taɓa shi, dariyar ta mutu a fuskarsa. Ya fito da shi ya tsaya yana kallo kamar wani ne ya jefa masa. Na miƙa tafin hannuna, ya ajiye min.

“Ɗan wa ne kai?”

Ya zauna a kan dakalin zauren. Ya ce, “Sunan babana Usmanu, ban yi miki ƙarya ba. Amma a fili Maigandi ake ce masa.”

Ko jaririn unguwarmu ya san sunan nan. Maigandi, tsohon ɗan wasan gaban Damisa, wanda in yaro ya ƙi barci ake ce masa ga Maigandi nan.

“Kenan an rubuta ka.”

“Tun ranar sunana. Mu ma haka muke yi, tamu rigar ja ce.” Ya ce mu. Shi ma ya ji ya faɗa, ya runtse ido. “Ni kaɗai ne namiji a gidanmu, Ɗayyaba. Mamata ta ɗinka 'yar jar riga tun shekara huɗu da suka wuce, tana cikin kwallar kayanta tana jiran ɗana.”

“Sakandaren Argungu fa?”

“Wannan gaskiya ne. Sai dai ranar wasa ɗaya gefen nake tsayawa.”

“To me ya kawo ka gidanmu da koren kati?”

“Ke. An gaya min yadda aka sallami mutum biyu kafin ni. Da Baba ya tambaye ni, bakina ne ya riga ni. Daga nan kuma na rasa ta inda zan koma.”

Muryarsa tana rawa, idonsa ya yi ja. Da a ce wata uku da suka wuce ne da na yi kuka tare da shi. Amma mutumin da ya iya ture kwanon kifi da murmushi irin wancan, ta yaya zan san rawar muryar ma ba haddace ta ya yi ba?

“Tambaya ɗaya. In Allah ya ba mu namiji, ranar suna wace riga?”

“Ai ba a ma ɗaura ba tukuna, ki bari lokacin ya...”

“Wace riga, Ikrima?”

Ya dubi takalminsa. A waje an fara buga ganga, 'yan Damisa sun iso da motocinsu.

“Don girman Allah kada ki gaya wa Baba. Ki bari Juma'a ta wuce, ni da kaina zan san yadda zan yi.”

Na matsa na ba shi hanya.

Na hau matakalar Gwaggo da ƙashin a dunƙule a hannuna. Fadama ta cika, kore a gabas, ja a yamma. Ban kalli wasan ba, karo na farko a rayuwata. Idona yana kan kujeru biyu a gaban rumfa, Baba da hularsa ta ranar wasa, Ikrima a damansa. Ana dab da hutun rabin lokaci Damisa suka zura mana ɗaya. Ƙwas ƙwas ƙwas ta tashi daga yamma. Ikrima ya dafe kai da hannu biyu kamar wanda aka yi wa mutuwa, amma gwiwarsa sai da ta yi tsalle kafin ya danne ta.

Ba ni kaɗai na gani ba. Baba bai kalli raga ba, bai kalli golanmu da ke kwance yana dukan ƙasa ba. Gwiwar Ikrima yake kallo. Kuma murmushi yake yi.

An ci mu, Baba yana murmushi.

An tashi ɗaya da ɗaya. Kafin magariba na samu Baba a ƙofar ɗakinsa a kan buzu, ya cire hula yana shan iska. Na kai masa ruwa a kofin silba, na durƙusa, na ajiye ƙashin a gabansa.

“Daga aljihun surukinka, Baba.”

Ya ɗauka ya juya shi. Sai ya fashe da dariya, irin wadda har sai da ya yi tari, Inna ta leƙo daga madafa ta koma.

“Ɗan banza! Hannu ya bashe shi ko?”

“Baba, ka sani?”

“Tun ranar da yaz zo. Yana tuɓe takalmi a zaure na ga ƙahwahun. Ƙahwahun Maigandi ne, ko cikin duhu na san su. Kwana biyun da na ce bincike nike, Zauro na tahi na gano tsohon da idona, shina bakin gona tai.”

“Kuma ka bari aka yanka masa kati?”

“Ni na sa hannu.” Ya matso, ya rage murya. “Ke ba ki san komi ba. Wasan ƙarshe na kofi, saura minti guda a tashi, Maigandi ya ci ni. Bai tsaya nan ba, ya zo gabana ya yi rawa, uwarki na leƙe ta katanga, lokacin ina neman ta. Shekara talatin da bakwai ina ganin ƙwallon ga cikin barci. Yanzu Allah ya kawo min ɗanai tilo har zaure, da ƙahwa tai. Ki duba min, Ɗayyaba. Jikan Maigandi, wanda ba shi da wani, cikin koriyar riga, a shafi na ukku. Yaron ya riga ya yanki kati, gaban mutane. Ranar suna muna shigowa da littahi tun da asuba, ina shi ka ce a'a?”

Idonsa yana walƙiya kamar na yaro. Ban taɓa ganinsa haka ba.

“Ni fa, Baba?”

“Ke mi? Ba kina son shi ba?”

Ina son shi. Abin da ya sa maganar ta yi zafi ke nan.

“To shi ke nan. Ki riƙe bakinki, kada ki nuna mishi na sani. Juma'a dai ta wuce.”

Mutum biyu a yini ɗaya, kowa ya ce in yi shiru Juma'a ta wuce. Ɗaya ya shigo gidanmu da ƙarya, ɗaya ya buɗe masa ƙofa da tarko, a tsakaninsu kuma ga wani yaro da ba a ko yi cikinsa ba, riguna biyu suna jiransa. Ni da zan ɗauke shi wata tara, ba wanda ya tambaye ni ko ruwa nake so.

Lahadi da hantsi ina bakin rijiya da bahon rigunan 'yan wasa, hannuna duk kumfa, wayata ta yi ƙara a kan turmi. Na goge hannu a zani. Hoto ne daga Ikrima. Kati biyu a kan sallaya, kore sabo mai sheƙi, ja tsoho wanda gefensa ya cinye, da almakashi a tsakaninsu.

“Ban yi barci ba. Ki zaɓa. Wanda kika ce shi zan yanke, yanzun nan.”

Na zauna a bakin rijiyar. Ku duba wayo. In na ce ja, na raba ɗa da ubansa, kuma duk ranar da muka yi faɗa sai ya tuna min. In na ce kore, ni na rufe lambar Baba da hannuna. Ko ta ina laifin a kaina zai sauka, shi kuwa ya fita a mai sadaukarwa.

Na rubuta, “Duka biyun.”

“Ɗayyaba, kin san abin da kike faɗa? In na yanke kore an rufe lamba uku.”

“Na fi ka sani. Tun ina shekara shida nake wanke wa lambar nan riga. In ni kake so, ka zo ba kati. Ɗana ba kofi ba ne. In ya girma ya zaɓi rigarsa da bakinsa.”

Da na tura sai da hawaye ya zubo min, don na san abin da na yanke wa tsohon da ke zaune a zaure yana sauraron rediyo. Ina son kulob ɗin nan fiye da rabin masu katinsa. Amma na goge fuska na jira.

Yana rubutu, yana gogewa. Yana rubutu, yana gogewa. Na wanke riga huɗu na shanya. Sannan hoto ya shigo.

Koren kati ne, an raba shi biyu daidai ta kan lambar. Almakashin yana gefe a buɗe. Na buɗa hoton da yatsu biyu, na duba kowane lungu na sallayar, har gefen tabarmar da ta fito a ƙasa. Babu ja. Ba guntunsa, ba cikakkensa.

“Ina jan?”

Alama ta nuna ya karanta. Bai amsa ba. Na ba shi minti goma, na sake turawa. Wannan karon saƙon ma bai shiga ba.

Na ɗauraye hannuna, na gyara ɗaurin ɗankwali, na wuce Inna da ke lissafa wa maƙwabciya irin girkin da za a yi wa baƙin Juma'a. Na yi sallama a zaure. Baba ya rage rediyo. Na durƙusa na miƙa masa wayar.

Ya laluba aljihu ya sa tabarau. Ya dubi hoton, ya gangara ya karanta abin da na rubuta, duka, har inda na ce ɗana ba kofi ba ne. Na jira tsawa. Ba ta zo ba. Ya koma kan hoton, ya kai shi kusa da ido, ya karkata shi ta wajen haske.

“Jan hwa?”

“Shi nake jira, Baba. In ban gan shi biyu ba kafin Juma'a, kada a shimfiɗa wa kowa tabarma a gidan nan. In an shimfiɗa kuwa, ni da bakina zan fito in ce ban yarda ba.”

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya dube ni, sannan ya sake kallon katin da aka raba. Ya cire tabarau ya miƙo min wayar.

“Ubanai ma haka yake,” ya ce a hankali. “Sai shi nuna maka ƙahwar dama, shi buga da hagu.”